Kuɗina Suna Ciki, Ni Ina Bakin Ƙofa

A farkon Disamba na 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni cewa duk asusun da ba a haɗa shi da lambar BVN ko ta NIN ba, daga ranar 1 ga Maris na 2024 za a tsayar da shi, ba shiga ba fita. Mutane da yawa a waya suka gama nasu suna zaune a gida. Ni ma da saƙon bankina ya shigo a watan Fabrairu na danna lambobin da suka ce, sai aka amsa mini cewa sunayen ba su zo ɗaya ba, in je reshe. Matsalar sananniya ce a wurin matan aure. BVN ɗina na yi shi a 2015 da sunan maigidana a ƙarshe, NIN kuma na yi shi a 2021, lokacin da ake ta cewa za a rufe layukan waya, da sunan mahaifina.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki a Ɗorayi. Shan inna ya same ni ina 'yar shekara uku, ƙafafuna biyu ba sa ɗaukata. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan duk masu kawo mini ɗinki tiransifa suke yi. Da Maris ya kama asusun ya tsaya, saura kwana goma a ɗauki azumi, kuma duk kafin alƙalamin da aka ba ni na ɗinkin Sallah yana ciki. Da shi zan aika Kantin Kwari a sayo shafi da zare da zif da duwatsun ado. Dole in fita.

Kafin in fita ko'ina sai na zaɓi keke, domin biyu gare ni kuma kowanne da inda yake gazawa. Akwai mai ƙafa uku, irin wanda masu walda suke ƙerawa a nan Kano, da hannu ake tuƙa shi. Shi ne 'yancina a cikin unguwa, yana ratsa yashi, ba na neman kowa ya tura ni. Amma dogo ne, ba ya shiga adaidaita sahu, ba ya shiga ƙofar ofis. Ɗayan kuma mai naɗewa ne irin na asibiti. Yana shiga adaidaita idan an ninke shi, sai dai ƙananan tayoyinsa na gaba da sun taɓa yashi ko tsakuwa sun kafe, sai da mai turi. Tunda banki za ni, mai naɗewa na ɗauka, wato sai an ba ni ɗan rakiya. Maigidana yana fita kasuwa tun da sassafe, idan bai fita ba ba a ɗora tukunya, don haka ɗan yayata ne ya bar makaranta ya raka ni. Wannan ita ce asara ta farko da ba wanda yake lissafa ta: duk fitar da na yi a kan maganar nan, yaro ya rasa darasi.

Lungunmu kwata ce ta raba shi biyu. Wannan ya fito da dakalinsa, wancan ya ɗaga murfin shaddarsa ya fi ƙasa tudu, wani ya jibge yashi da bulo na ginin da bai tashi yi ba. Mai ƙafa tsallakewa yake yi bai ma lura ba. Mu kuwa sai yaron ya karkata keken a kan tayoyin baya, ni kuma na riƙe bango. A bakin titi muka daɗe muna tsayar da adaidaita. Wasu suna rage gudu, da sun hango keken sai su ƙara wuta. Wanda ya tsaya ya ce, "Hajiya, sai dai shata, keken nan zai cinye mini wurin mutum biyu." Ban ga laifinsa sosai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ta yi tsada, ga balas da zai kai wa mai mashin da yamma. Amma sakamakon dai a kaina yake ƙarewa, inda wata za ta biya kuɗin kujera ɗaya, ni sai na biya na mashin gaba ɗaya, zuwa da dawowa.

Reshen yana ɗaya hannun titin. Mai adaidaita ya so ya sauke mu a tsallake, na roƙe shi ya zagaya. Manyan titunanmu yanzu an gina musu tudu a tsakiya, wasu har da shingen ƙarfe, gadojin tsallaka titi kuma matakala ce zalla. Ina jin daɗin ganin gadar Ƙofar Nassarawa da ta Dangi da ta Hotoro kamar kowane ɗan Kano, sun rage cunkoso, sun ƙawata gari. Sai dai mota aka yi wa su. Wanda yake kan keke idan yana son tsallaka titi, sai ya bi gefen kwalta tare da motoci har inda ake juyawa, ransa a hannun Allah.

A bakin get, tun kafin in yi sallama, maigadi ya ɗaga mini hannu ya ce, "A yi haƙuri, ba a tsayawa a nan." Na gane abin da yake nufi, domin ba yau na fara ji ba. Na ciro katina na ATM na nuna masa, na ce, "Baba, ajiya gare ni a ciki." Dattijo ne, kunya ta kama shi, ya yi ta ba ni haƙuri. Muna cikin haka wani mutum da zai shiga ya ajiye mini naira ɗari a cinya ya wuce. Na san lada yake nema, kuma Allah ya ba shi. Amma a wannan safiyar, ina da kuɗin gumina a bayan bangon nan na kasa taɓa su, abin ya sosa mini rai ƙwarai. Mutanen Kano ba a bar su a baya ba wajen sadaka. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne a ga gurgu a bakin banki a ɗauka hulɗa ta kawo shi.

Ginin yana da matakala uku, a gefe kuma an yi gangara ta siminti an lulluɓe ta da tayil mai santsi. Wanda ya yi ta bai taɓa zama a keke ba. A ƙa'idar gini, duk tsayin taku ɗaya ana ba shi tsawon taku goma sha biyu, don mai keke ya iya hawa da ƙarfin hannunsa. Wannan kuwa a tsaye take, gajera, babu ƙarfen riƙewa. Yaron da maigadi suka haɗu suka tura ni, ina jin keken yana neman kifewa ta baya. Da muka hau sai ga ƙofar tsaro, irin akwatin gilashin nan da mutum ɗaya yake shiga a tsaye, ta rufe, na'ura ta bincike shi, sannan ta buɗe ta ciki. Faɗinta bai kai na keke ba. Ko da ya kai, ƙarfe ne, na'urar ba za ta bari ba. Masu sandar ƙarfe da masu takalmin ƙarfe irin wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala su ma a nan suke tsayawa. Na tambaya ko akwai wata ƙofa. Aka ce akwai ta gefe, amma makullin yana hannun wani jami'i, shi kuma ya fita.

Sai aka ce in jira a waje, za a turo wanda zai saurare ni.

Wannan jiran shi ne abin da na fi so mai karatu ya fahimta, domin daga nesa kamar gata ne. Ba ka bi layi ba, ma'aikaci ya taso ya same ka. Amma ga yadda yake a zahiri. Ina ƙarƙashin rumfar masu jiran ATM, cikin zafin Maris, mutane sun kewaye ni. Wata ma'aikaciya ta fito, mai fara'a ce, ba ta yi mini wulaƙanci ba. A tsaye ta tambaye ni lambar asusuna, da sunan mahaifiyata, da ranar haihuwata, da kuɗin ƙarshe da ya shigo da ko nawa ne. Duk tambayoyin da aka tanada don a tabbatar ni ce mai asusun, na amsa su a gaban mutanen da ban sani ba. Ta karɓi takardar NIN ɗina da wayata ta shige ciki, inda ba na ganin abin da ake yi da su. Wanda ya shiga da ƙafarsa yana zama a kujera, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon takardunsa. Ni sirrina a titi aka baje shi, kuma ba don wani ya nufe ni da sharri ba.

Da ta dawo ta ce sai na kawo takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwar canjin suna a jarida, da hoto, sannan a gyara BVN ɗin ya dace da NIN. Da an rubuta wannan a cikin saƙon farko, da fitar ranar ba ta kama ni ba.

A taron ƙungiyarmu ta masu buƙata ta musamman an taɓa karanta mana dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka fassara mana ita da Hausa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Janairu na 2019. Ta ce wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasa zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1. Ta ce a layi a fara sallamar mai nakasa. Ta kuma ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu. Wa'adin ya cika a Janairu na 2024, makonni kaɗan kafin ranar da nake zaune a ƙarƙashin rumfar nan. Jihar Kano ma tana da tata dokar. Ba rashin doka ne ya bar ni a waje ba.

Hoto bai ba ni wahala sosai ba. Shagon yana hawa na biyu, mai hoton ya sauko da farin ƙyalle, yaron ya riƙe shi a bayana, aka ɗauka a bakin titi. Sanarwar jarida kuma akwai masu karɓa a kewayen kotu, ka biya, ka dawo ka karɓi kwafi.

Kotun ce ta tsaya mini a rai. Ofishin da ake rantsuwa yana saman bene, matakala doguwa mai lanƙwasa. Muna isa samari suka taso, da kyakkyawar niyya, suka ce, "Hajiya, kawo mu ɗaga ki da keken, yanzu za mu kai ki." Na yi musu godiya na ce a'a. Wani ya ce ai taimako ne, kada in ji komai. To ni matar aure ce. Maza huɗu da ban sani ba su rungume ni da keke, hijabina yana zamewa, ƙafafuna da ba na iya sarrafa su suna lilo, jama'a suna kallo, wannan ba abin da zan yarda da shi ba ne don kawai in sa hannu a takarda. Kuma akwai tsoro na gaskiya. Idan ƙafar ɗaya ta zame a tsakiyar bene, hannuwana ne za su fara dukan ƙasa, su ne ƙafafuna, su ne kuma sana'ata. Na san 'yan'uwa da yawa da suke haƙura a ɗauke su, wasu kuma su sauka daga keke su ja jiki a kan matakalar da kowa ya taka da takalmi. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu, kowa da abin da zai iya jurewa.

Sai wani ɗan kamasho ya matso ya rage murya ya ce in ba shi bayanan da ɗan ƙari a kan kuɗin, zai sauko mini da takarda da hatiminta, ba sai na hau ba. Na ƙi. Rantsuwa ce, ni ya kamata in yi ta a gaban wanda aka ɗora wa alhakin, kuma ban ga dalilin da zai sa in biya fiye da kowa ba. Na tura yaron sama ya yi bayani. Ya sauko ya ce an ce a jira. Muka jira har rana ta take.

A nan zan faɗi abin da mata irina ba su cika faɗa ba. Duk ranar da zan fita irin wannan fita, daga asuba ba na shan ruwa, ko koko ba na sha. Dalili shi ne babu banɗakin da zan iya shiga. Na wuraren nan ƙofarsu ƙarama ce, da tudu a bakinta, ciki kuma na tsuguno ne, ƙasa a jiƙe. Wadda za ta shiga da hannu da gwiwa ta san abin da za ta taɓa. Don haka muke ƙin sha, mu wuni da ƙishi a zafin Kano, mu dawo gida da ciwon kai da ciwon mara. Alwala ma daga gida nake riƙe ta, domin wurin alwalar an yi shi ne don mai tsayawa ko mai tsuguno. Da aka kira azahar, a kan kekena na yi salla a gindin wata bishiya.

Bayan salla jami'in rantsarwar ya sauko da kansa, dattijo mai furfura, da takarda da hatimi a hannu. Ya ce, "'Yata, ki gafarce mu, mutane ne suka yi yawa a sama." Ya karanta mini abin da aka rubuta, na tabbatar, na sa hannu, ya buga hatimi. Aikin bai fi minti biyar ba. Na yi masa addu'a har zuciyata, kuma har yau ina yi. Amma na tafi ina tunanin da wani ne a kujerar ranar, mai ƙyuya ko mai girman kai, da haka zan koma gida. Tebur ɗaya da kujera a ƙasan benen nan sun isa su raba mu da dogaro da halin wanda muka tarar. Kuma ba guragu kaɗai za su huta ba. A zaman da na yi na ga tsohuwa tana hawa tana hutawa a kowace matakala, na ga mai tsohon ciki tana riƙe da ƙugu.

Na koma banki an riga an ɗauki azumi. Wannan karon aka ce dole in shiga, saboda sai na ɗora yatsa a na'ura, ita kuma ba ta fita waje. Nan da nan aka nemo makulli, aka buɗe ƙofar gefe, na shiga ba tare da wata wahala ba. Faɗinta ya isa har da saura. Ashe ƙofar da zan bi tana nan tun ranar farko.

A ciki kantar ta kai ƙirjin mai tsaye, ni katako kawai nake gani, sai da aka kai ni teburin wata ma'aikaciya. Sai kuma na'ura ta ƙi karɓar yatsuna. Shekara da shekaru ina tuƙa keke da hannu, a cikin gida da hannu nake tafiya, ga allura da almakashi, zanen yatsun ya shafe, fata ta yi kanta. Aka goge gilashin, aka ce in shafa yatsa a goshi ya ɗan yi maiƙo, aka gwada wannan aka gwada wancan, layi yana taruwa a bayana. Ma'aikaciyar ta ce, "Yaya, kada ki damu, ba inda za ki sai ya karɓa." Ta riƙe hannuna a hankali tana juya shi har ƙaramin yatsa ya shiga. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta kyauta mini.

Zaman da na yi a ciki ya nuna mini ba mu kaɗai ba ne. Wani malami makaho yana gefena, yaron da ya ja shi ne yake karanta masa fom, shi ne kuma ya danna masa lambar sirri, wato yaron ya san abin da bai kamata kowa ya sani ba. Wata budurwa kurma tana riƙe da lambar layinta, ana ta kira da baki har aka wuce ta, sai da na lura na taɓa ta na nuna mata. Makarantar Tudun Maliki ta daɗe tana yaye kurame da makafi masu karatu da rubutu a garin nan. Sun yi nasu ƙoƙarin, wuraren da za su shiga ne ba su shirya musu ba.

Mu masu shan inna kuma ba ƙarewa muka yi ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin cutar a Kano, ba a dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, kuma yara da yawa sun kamu a shekarun nan. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, mun yi murna fiye da kowa, domin mu muka san abin da aka tsare wa yara. Amma waɗanda ta riga ta taɓa a wancan lokacin yanzu samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya. Yanzu ne suke buɗe asusu, suke neman gurbin karatu, suke zuwa awo, suke neman takardar rantsuwa. Ga waɗanda haɗarin mota ya zaunar, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga tsofaffi.

Kafin in fita na nemi ganin manaja. Ya fito, ya saurare ni da mutunci. Ya ce maganar gini daga hedikwata take zuwa, amma ga lambar wayarsa, duk ranar da zan zo in kira shi a buɗe mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma wannan ni kaɗai ya yi wa magani. Wanda zai zo gobe ba shi da lambarka. Abin da nake roƙo, a bar makullin ƙofar nan a hannun masu gadi, kuma a gaya musu idan sun ga mai keke su tambaye shi abin da ya kawo shi kafin su sallame shi. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo." Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

Asusun ya buɗe azumi ya riga ya yi nisa. Na aika Kwari a makare, kaya sun ƙara kuɗi. Na raba dare ina ɗinki, duk da haka sai da na mayar wa wasu mata atamfofinsu tun da sauran lokaci don su kai wani wurin, kada in ɓata musu Sallah. Biyu daga cikinsu ba su sake kawo mini ɗinki ba. Cire kuɗi kuwa har yanzu a wurin mai POS na bakin lungunmu nake yi, ina biyan caji kowane lokaci, domin na'urar ATM tana kan dandamali, allonta kuma ya fi ƙarfin idon wanda yake zaune.

Bayan Sallah muka rubuta wa reshen wasiƙa da sunan ƙungiya, muka kai kwafi ofishin da ke kula da al'amuranmu a jiha. Da na koma karɓar sabon kati, makullin yana aljihun Baba maigadi, shi ya buɗe mini da kansa, ban kira kowa ba. Gangarar ce har yanzu sai mutum biyu sun tura ni. Mun samu wani magini a cikin 'yan ƙungiya ya je ya auna: tsayin matakalar ya kusa rabin mita, don haka gangarar tana buƙatar tsawon mita shida da ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da siminti mai kaushi maimakon tayil. Filin yana nan idan aka sadaukar da wurin ajiye mota ɗaya. Mun sa awon da kiyasin buhunan siminti a wasiƙa ta biyu, mun kai, an buga mana hatimin karɓa, muna jiran amsa.